Kati Biyu a Aljihun Auta: Nazarin Lamarin Wani Matashi Mai HIV da Ciwon Daji a Agege

Auta yana da katin asibiti guda biyu. Ɗaya shuɗi ne, ya tsufa har gefensa ya lanƙwashe, tun yana ɗan shekara tara aka buɗe masa. Da shi yake karɓar maganin HIV, ba a taɓa ce masa kawo ko sisi ba, kuma in ranar zuwansa ta wuce ba a gan shi ba, sai waya ta fara ƙara a gidansu. Sau da yawa ma ni ce mai bugawa. Ɗayan katin fari ne, na sashen ciwon daji a wani babban asibitin gwamnati a nan Legas. Wannan duk tagar da ka miƙa shi, rasit za a fara tambayarka, kuma in ka yi wata biyu ba ka leƙo ba babu wanda zai neme ka.

Ni haifaffiyar Agege ce. Ina aikin sa-kai a wani asibiti da ke ba da maganin HIV, ina yi wa mutanenmu tafinta a gaban likita, ina kuma bin sawun waɗanda suka daina zuwa. Da izininsa da na gwaggonsa na rubuta wannan. Auta ba sunansa ba ne, na sakaya shi ne da duk abin da zai sa a gane gidansu.

Yadda abin ya faro

A wani ƙauye na ƙasar Katsina aka haife shi a 2006, shekarar da gwamnatin tarayya ta fara ba da maganin HIV kyauta. Mahaifiyarsa ba ta taɓa zuwa awon ciki ba, a ɗaki ta haihu, ba wanda ya gwada jininta balle a ba ta maganin da ke hana jariri ɗauka. Yana shekara huɗu ta rasu, aka ce shawara ce. Bayan shekara biyu uban ya bi ta. Yayar uban, wadda ke tuwon sayarwa kusa da mayankar Oko-Oba, ita ta je ta ɗauko shi ta riƙe.

Yaron ya taso ba ya rabuwa da laulayi: yau gudawa, gobe kunne na ruwa, jiki ya ƙi girma. Yana shekara tara aka gwada aka gani. Gwaggo ta riƙe maganar a cikinta, shi kuma ta ce masa maganin sikila ne. Ba na ganin laifinta. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa sanar da yaro gaskiya da zarar ya kai shekarun makaranta, a hankali, daidai da fahimtarsa. To amma wa ya zaunar da Gwaggo ya koya mata yadda ake buɗe wannan magana? Mu da muke asibitin mun ga yana zuwa, awonsa na kyau, sai muka yi ta cewa sai wata mai zuwa.

Yana shekara goma sha biyar ya kwafi sunan da ke jikin kwalbar, ya rubuta a wayar abokinsa. Bai yi wa kowa magana ba. Bayan 'yan kwanaki ya ce zai koma wajen kawunsa a kasuwar Mile 12 ya koyi sana'ar kayan gwari. Can yake dakon kwandunan tumatir, yana kwana ɗaki ɗaya da maza bakwai. Duk wanda ya san kwalbar maganin nan ya san ƙarar da take yi in an motsa jaka; yaranmu auduga suke cusawa a ciki don ta yi shiru. Auta bai ma tafi da ita ba. Na yi ta buga waya, Gwaggo na ce mini ya tafi Arewa. Shekara biyu cur bai haɗiyi ƙwaya ɗaya ba.

Tabon da ba ya ƙaiƙayi

Wajen ƙarshen 2023 ya ga tabo uku a bayan ƙafarsa ta hagu, launin nunanniyar ɗinya, sun ɗan tasa sama da fata. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. A littattafan likitoci ana zana irin wannan tabo ja-ja a kan farar fata, amma a jikinmu baƙi yake fitowa, shi ya sa ko ma'aikacin lafiya kan ɗauke shi a matsayin tsohon tabon ƙurji. Sai tabon ya ƙaru ya hau ƙwauri, ƙafar ta kumbura ta yi tauri kamar itace.

Kowa a kasuwa da nasa bayanin. Wani ya ce ruwan kwata ne, wani ya ce tundurmi ne, wani dattijo ya ce asiri ya taka. Mai kemis ya ba shi man shafawa da kafso. Wanzami ya yi tsaga ya sa ƙaho, jini ya ƙi tsayawa har sai da aka ɗaure da tsumma aka danne. Nan hankalin Kawu ya tashi, ya mayar da shi Agege. Wata uku ke nan sun tafi.

Abin da ke ƙafar Auta shi ne dajin Kaposi, sunan wani likitan fata ne da ya fara bayyana shi a birnin Biyana a 1872. Sai a 1994 aka gano ƙwayar cutar da ke kawo shi, wadda ake kira HHV-8. A nahiyarmu mutane da yawa suna ɗauke da ita tun yarinta, galibi ta hanyar yawu, kuma har su tsufa ba ta yi musu komai, saboda garkuwar jiki ta danne ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In HIV ta karya garkuwar, ƙwayar kan sa bangon ƙananan jijiyoyin jini da hanyoyin ruwan jiki su yi ta tsiro ba ƙaƙƙautawa. Dalilin da ya sa tsagar wanzami ta yi ta zubar da jini ke nan, kuma dalilin kumburin ke nan, don hanyoyin da ruwa ke bi ya bar ƙafa sun toshe. Ba Kaposi kaɗai ke bin HIV ba. Akwai dajin kaluluwa, akwai kuma na bakin mahaifa, wanda mace mai HIV ta ninka sauran mata sau shida wajen yiwuwar kamuwa da shi.

Ranar da ya dawo mana, a watan Fabrairun 2024, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayar da silifas ɗin da aka yanke madaurinsa aka ƙara da igiya. Ya zauna a ƙarshen benci ya sunkuyar da kai. Na ce, "Auta, sannu da zuwa." Ya ce, "Anti, ai kin sani tuntuni ko?" Na ce na sani. Ya ce, "Kowa ya sani sai ni." Ban sami abin da zan ce masa ba sai haƙuri, na kuma ba shi da zuciya ɗaya.

Awon garkuwar jikinsa, wato CD4, bai kai 100 ba. A ranar aka mayar da shi kan ƙwayar maganin HIV da ake kira TLD, guda ɗaya kullum, aka haɗa masa da Septrin don kare shi daga wasu cututtukan. Duk kyauta. Likitar ta kunna fitilar wayarta ta ce ya buɗe baki, sai ga wani tabon shimfiɗe a ganɗa. Ta ce in tabo kaɗan ne a fata, sau da yawa maganin HIV kaɗai kan kwantar da shi yayin da garkuwa ke dawowa. Amma mai kumburin ƙafa irin wannan, ga shi ya shiga baki, sai an haɗa da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Mu kuwa ba mu da ita. Ta ɗauki biro ta rubuta takardar tura shi gaba.

Bayan kamar sati shida da komawa kan magani, tabon ya ƙara tashi, ƙafar ta ƙara nauyi. Likitoci sun san wannan: garkuwar da ta farfaɗo ce ke far wa ciwon, sai ya yi kamar ya tsananta. Gwaggo kuwa abin da idonta ya nuna mata shi ta gaskata. Ta zo har gida ta same ni ta ce, "'Yar nan, dama an ce daji ba ya son maganin asibiti, ba ya son allura. Ga shi kin gani." Sai da muka kai dare muna magana kafin ta yarda ba za a dakatar ba.

Daga ƙofar kyauta zuwa ƙofar rasit

Daga Agege zuwa asibitin da aka tura su sai an shiga mota biyu, a sauka Oshodi a sake hawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin danfo ya tashi, ga shi an hana acaba a yawancin unguwannin da za a ratsa, mai kumburarriyar ƙafa kuwa dole ya taka daga bakin titi. Da an sallame asuba suke fita. Duk ranar asibiti Gwaggo ba ta ɗora tukunya, cinikin ranar ya tafi.

Aka biya kuɗin buɗe fayil. Aka biya na ganin likita. Aka ce sai an gutsuri nama an kai gwaji kafin a tabbatar, kuma gaskiya ne, don akwai ciwukan fata da ke kama da Kaposi alhali maganinsu daban. Aka biya na gutsura, aka miƙo wa Gwaggo 'yar kwalba da naman a ciki, ta sa a jakarta ta kai ɗakin gwaji da kanta, ta sake biya. Sakamako sai da ya yi sati biyar, duk azumin shekarar a jiransa ya ƙare. Sannan hoton ƙirji, awon ƙoda, awon hanta, awon jini. Sai a farkon Mayu aka ɗaura masa ruwan kemo na farko, wata shida da ɓullar tabon.

Shekarunsa ma sun zame masa matsala. Ɗan goma sha bakwai ya girmi sashen yara, a sashen manya kuma ba a karɓar sa hannunsa sai na mai riƙonsa. Aka zaunar da shi tsakanin dattawa masu dajin mafitsara da iyaye mata masu dajin mama. Babu sa'ansa ko ɗaya, babu mai jin Hausa. Da aka yi masa bayanin cewa gashinsa zai zube, kai kawai ya gyaɗa, sai a mota ya tambaye ni ko zai sake fitowa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya raba ƙofofin nan biyu, alhali jiki ɗaya ne, kuma ciwo na biyun ɗan na farkon ne. Amsar tana wajen mai biya. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 Amurka ta kafa nata shirin yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR. Kuɗinsu ne, tare da na gwamnati, ke sayen ƙwayar, da awon yawan ƙwayar cuta a jini, har da katin wayar da nake kiran mutane da shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma an gina musu tsarin da ke ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki ne na a yaba, da idona na ga waɗanda ya tasa daga tabarma. Sai dai an ja masa iyaka, ciwon daji kuma yana bayan iyakar. Can mutum ya koma inda sauran 'yan ƙasa suke, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa.

Mun nemi tallafi. Asusun da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 don talakawa masu ciwon daji, nau'i uku aka ware masa: na mama, na bakin mahaifa, na mafitsarar maza. Kaposi ba ya ciki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Legas ma tana da nata shirin, Ilera Eko, amma Gwaggo ranar da na ambata mata shi ta fara jin sunan. A 2019 an buɗe babbar cibiyar ciwon daji mai na'urorin gashi na zamani a asibitin koyarwa na Idi-Araba, unguwar da mutanenmu suka cika, kuma ci gaba ne na gaske. Ba can aka tura mu ba, kuma buƙatar Auta ba ta kai ta na'ura ba. 'Yar kwalba ce ta maganin da ake kira paklitaksel, tsohon magani da kamfanoni da yawa ke yi, wanda ke cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka biyar da Brazil, aka buga a mujallar Lancet a 2020, ya nuna cewa bayan sati 48, kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka ba paklitaksel ciwonsu bai ci gaba ba, su kuwa waɗanda aka ba haɗin nan mai araha na bilomaisin da binkiristin kashi 44 ne. Likita ya rubuta wa Auta paklitaksel sau shida, duk bayan sati uku.

Maganin daga waje ake shigo da shi. Dala da take wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kuɗin da aka gaya wa Gwaggo a zagaye na farko ba shi aka gaya mata a na biyu ba. Zagaye ɗaya, in an haɗa da awon jinin da dole a yi kafin kowace allura, da maganin hana amai, da ruwan da robar ɗaurawa, ya fi ribar tuwonta ta wata guda nesa ba kusa ba.

Rufin asiri

Kwasar adashinta ta biya na farko. Firij ɗinta da 'yan kunnen zinarin da ta ajiye tun aurenta suka biya na biyu. Ƙafar ta fara saki, har ya iya murza yatsu. Na uku ya faɗo daf da Babbar Sallah, hannu babu komai.

A nan ne lamarin ya fi ci mini rai, don Bahaushen Legas ba ya rasa mataimaki. In ciwo ya kama ɗan uwa, akwai sanarwa a masallaci bayan Juma'a, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa, akwai fadar Sarkin Hausawa, akwai zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya. Na sha ganin an haɗa kuɗin tiyata a kwana biyu. Amma saboda 'yan damfara sun ɓata hanya, yanzu ba a buɗe gidauniya sai an ga takardar asibiti. Takardar Auta kuwa layinta na farko haruffa uku ne, RVD, wato yadda ma'aikatan lafiya ke sakaya sunan HIV a tsakaninsu. Duk ƙungiya akwai sakataren da ya yi boko, ko mai ƙanwa nas da zai tura wa hoton takardar.

Ina zaune a ɗakin suka yi maganar. Gwaggo ta ce, "Auta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In faɗin ne zai sa a taimaka, mu faɗa." Ya ce, "Gwaggo, in kin faɗa wa zai sake cin tuwonki?" Ta yi shiru, don ta san gaskiya ya faɗa. Akwai dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya, amma ba ta iya dawo da mai ciniki da ya sauya rumfa ba tare da ya ce komai ba. HIV ba ta bin abinci, ba ta bin kwano, mu mun sani. Mai sayen tuwo ba lallai ya tsaya jin wannan bayani ba. Sana'ar da ke ciyar da su ita ce za ta fara mutuwa, ga kuma batun aurensa wata rana, ga sunan iyayensa da ke kabari.

Mai dajin mama kan fito ta faɗi ciwonta a tausaya mata. Mai HIV kuma yana ɓoye nasa, tsarin asibiti ya taya shi ɓoyewa, ba ya buƙatar roƙon kowa tunda maganin kyauta ne. Auta ya faɗa tsakiya: ciwon da ke buƙatar a yi shela yana manne da wanda ake rufewa.

Na koma wajen wani matashin likita a sashen na roƙe shi ya rubuta wata takardar da za ta faɗi dajin kaɗai. Ya yi jim, ya ce shi ba zai rubuta ƙarya ba. Na ce ba ƙarya nake nema ba, sirrin majinyaci nake nema a kiyaye. Ya rubuta layi huɗu: yaro ne mai dajin fata, yana buƙatar kemo sau shida, an yi biyu, ga abin da ya rage. Ya buga hatimi. Allah ya saka masa da alheri. Da ita Kawu ya je wajen 'yan gwari, liman kuma ya yi sanarwa a unguwa bayan Sallah. Abin da aka tara ya biya zagaye na uku har da ɗan saura.

Amma kafin nan sati bakwai sun shiga tsakanin allura ta biyu da ta uku, inda ya kamata a ce uku ne. Ƙafar ta koma ta cika. A cikin waɗannan makonni an kira shi sau biyu daga wajenmu ana tuna masa ranar karɓar ƙwaya. Daga sashen daji ba a kira ba. Ba na zargin nas-nas ɗin wurin, na ga yadda su biyu ke zagaya ɗaki cike da mutane ba su ko zauna ba. Babu dai wanda aka ɗauka don wannan aiki, babu kuma kuɗin da aka ware masa. A fayil, irin wannan giɓi kan zama kalma ɗaya: majinyaci ya daina zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma yanke magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai. Duk sanda na ji wannan lissafi sai in tuna Gwaggo tana ƙirga kuɗi a kan tabarma, tana sake ƙirgawa.

Bayan na uku jininsa ya yi ƙasa, aka ce sai an ƙara masa leda biyu, kuma sai an kawo masu bayarwa a mayar da gurbi. Gwaggo ta faɗa wa mahautan da ke cin tuwonta. Washegari mutum huɗu suka biyo ta, da rigunan aikinsu, ɗaya ma bai taɓa shiga asibiti ba a rayuwarsa. Auta bai runtsa ba a daren, yana tsoron kada a gaya musu. Na tabbatar masa jininsu za a gwada, nasa labarin ba ya fita. Da aka gama, babbansu ya leƙa ya ce, "Yaro, ka warke ka zo mu koya maka fawa, dakon nan ya ishe ka."

Na huɗu da na biyar, da likita ya ga kuɗi ba za su kai ba, ya sauya zuwa haɗin mai araha, ya ce da babu gara ba daɗi. Binkiristin ya sa yatsunsa suka riƙa yin dindiris, har ɓalla maɓallin riga ya zama aiki. Na shida ba a yi ba har yau.

Littafin da ke jakata

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: likitan HIV da likitan daji ba su taɓa magana da juna a kan Auta ba. Abin da ya haɗa su littafin rubutu ne na 'yan firamare da nake yawo da shi, wannan ya rubuta in kai wa wancan. Ba ƙaramin haɗari ba ne. Akwai magungunan HIV, musamman masu haɗin ritonabir, da ke hana hanta fitar da kemo da wuri, sai ya taru ya zama guba. Zidobudin kuma yana danne ɓargo, kemo ma haka. Auta ya yi sa'a ƙwayar da yake sha mai dolutegrabir ce, ba ta cika karo da kemo ba. Yaron da aka riga aka mayar layi na biyu na magani, wato wanda ake komawa kansa in na farko ya daina aiki, in ba a duba ba, zai iya shan wahalar da ba ta zama dole ba.

Da tari ya kama shi a tsakiyar damina, abin ya sake fitowa fili. Dajin Kaposi kan shiga huhu ya yi kama da tarin fuka. Gwajin majina na tarin fuka kyauta ne a wajenmu, aka yi a kwana biyu, babu. Hoton da zai nuna ko dajin ne ya shiga huhu na kuɗi ne, ba a yi ba. Muka zuba ido, Allah ya sa tarin ya lafa da kansa.

Ni abin da na ɗauka daga wannan, ba sai an gina sabon asibiti ba kafin a rage wa irin su Auta wahala. Yaran nan suna zuwa wajenmu da ƙafarsu. Cire takalmi da haska baki da fitila ba ya cin minti biyu. A Yuganda da Kenya an koya wa ma'aikatan asibitocin HIV gutsurar fata da ɗan ƙaramin ƙarfe a nan take, a Malawi kuma akwai asibitocin HIV da ke ɗaura kemon Kaposi a cikin gininsu. Tun 2014 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai Kaposi mai tsanani a haɗa masa maganin HIV da kemo. In ƙa'ida ta ce biyu ne maganin, ban ga hujjar da za a ba da ɗaya kyauta da bibiya, a bar ɗayan ga adashin mai tuwo ba. 'Yan matanmu ma ina tuna su: allurar rigakafin dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023, har da nan Legas, babu wanda ya fi buƙatarta kamar yarinyar da aka haifa da HIV, kuma har yanzu ina samun iyayen da ke tsoronta.

Inda ake yanzu

Wata shida da komawarsa kan ƙwaya, awo ya nuna ƙwayar HIV ta kwanta har na'ura ba ta ganinta. A rajistarmu an sa masa alamar nasara, kuma nasara ce. Rajistar dai ba ta da gurbin da za a rubuta ƙafa. Tabon ganɗa ya ɓace, na ƙwauri sun kwanta sun zama baƙin shaci, gashi ya fito. Ƙafar hagu har yanzu ta fi ta dama, takalmi lamba biyu yake saye. Da labari ya bazu a Janairun 2025 cewa Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, Gwaggo ta kira ni da dare, muryarta na rawa: "'Yar nan, shi ma wannan ɗin sai mun saya?" Nasa dai bai yanke ba.

Yanzu yana zuwa taron matasa da muke yi ranar Asabar ɗaya a wata. Ba mai yawan magana ba ne, amma rannan da wani yaro ɗan sha huɗu ya ce ya gaji da shan ƙwaya, Auta ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa ya bar shi ya kalla. Ya fara zuwa wajen mahautan nan, yana koyon fiɗa a zaune.

Sati biyu da suka wuce ya tsaya bayan kowa ya watse, ya ce, "Anti, zo ki ga wani abu." Sabon tabo ne a bayan gwiwa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Likitarmu ta duba ta rubuta wata takardar, an ba shi rana a sashen daji cikin wata mai kamawa. Gwaggo ta je ta roƙi uwar adashi a sako kwasarta gaba, aka ce akwai mutum uku a gabanta, ɗaya ta yarda ta yi musaya da ita, sauran biyun ba su ba da amsa ba tukuna.